Wayar Tagulla a Zauren Sarkin Zango

Abin da na fara ji shi ne shirun jarkoki. Ina tsugune gaban wuta a rumfar kakana, awartaki a hannuna, idona a kan naɗin wayar tagulla da ke cikin gawayi, ina jiran ta yi irin jan da nake so. Kwana biyu ke nan famfon unguwarmu a Bulpiela bai kawo ruwa ba, don wasu sun yanke babbar wayar da ke kai wuta ga injin bohol sun tafi da ita. Duk da haka mata ba su daina jera jarkokinsu ba, kowacce tana tsaron layinta, kuma tun da gari ya waye ake jin roba tana bugun roba da 'yan cacar baki. Sai kawai ƙarar ta ɗauke. Na ɗaga kai na ga matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan katanga. Kullum nan take leƙowa ta ce in ɗiba mata garwashi a murfin kwano. Ran nan ba ta ce komai ba. Na ce mata dasiba, ina kwanan Dagbanci, ba ta amsa ba. Ta dubi wutar, ta dubi wayar, ta sauke kanta. Daga bayan katangar na ji muryar namiji yana cewa, "Ga hayaƙin can, daga gidan maƙera yake fitowa."

Yau kwana shida da faruwar abin, kuma zan rubuta shi. A garin nan kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka ce ya saci waya, kuma ba a jiran 'yan sanda. Na taɓa ganin ana jan wani mutum a hanyar kasuwa, ba riga, takalmi ɗaya a ƙafa, masu dukansa ma rabi ba su san abin da ya ɗauka ba. Har yau ban san ko ya yi satar ba. Shi ne ya faɗo min a rai sa'ad da na ji takun ƙafafu sun nufo ƙofarmu.

Da can ba haka tagulla take ba. Lokacin da nake ƙarama, wanda aka gani da ita a hannu gaishe shi ake yi. Kakana, wanda duk unguwa ke kira Baba Tsoho, maƙerin kayan ado ne, kuma rumfarsa ce agogon layinmu. In an ji tin-tin-tin na ƙaramar guduma, mai koko ta san lokacin sauke tukunya ya yi. In an ji zugazugi yana numfashi, yara sun san za a kore su daga bakin rumfa. Mata daga Kaladan da ƙauyukan bayan gari sukan zo da tsofaffin mundaye ƙunshe a bakin zane, su zauna a kan benci, a yi gaisuwa da Dagbanci a yi ciniki da Hausa, a tambayi lafiyar kowa har da awaki. Aikina a lokacin shi ne jiƙa tsamiya a kasko, da tsince duwatsu daga cikin gawayi, da shafa wa waya man kaɗe. Har yau in na ji warin man kaɗe a jikin ƙarfe mai ɗumi sai in ji kamar zan waiwaya in gan shi, da tabaraunsa da aka ɗaure da zare.

Ga yadda ake jan waya, don na gane yanzu mutane ba su sani ba. Ana narkar da tagulla a zuba ta ta zama ɗan sanda, a yi ta dukanta har ta yi siriri, a fiƙe bakinta da magagari. Akwai wani faffaɗan ƙarfe mai ramuka a jere, daga babba zuwa wanda allura ce kaɗai za ta shige. Sai a kafe shi a jikin gungume, a zura bakin wayar a rami, a cafke da awartaki, a taka gungumen da ƙafa a ja da baya gaba ɗaya. Kowane rami yana rage mata kauri ya ƙara mata tsawo. Amma bayan rami biyu ko uku sai ta sauya hali. Wadda ɗazu take bin hannu kamar igiyar guga, yanzu ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta sai ta miƙe ta mare ka, in ka ɗana ta da yatsa sai ta yi ƙara siririya. Baba Tsoho ba ya ma dubawa, da kunne yake ji. Sai ya ce, "Ta gaji. In kika ƙara mata rami ɗaya za ta tsinke a hannunki. Kai ta ta kwanta." Kwanciyar ita ce wuta. A naɗe ta, a sa a gawayi a kusurwa mafi duhu ta rumfa, domin a cikin haske ba a ganin launin gaskiya. Ana jiran ta yi ja mai duhu irin na zoɓon da bai sha ruwa ba. Da ta yi, a cire a tsoma a ruwa. Takan fito baƙa ƙirin, mai laushi, sai ruwan tsamiya ya wanke ta ta koma ja. Daga nan a koma rami na gaba. Haka ake yi, ja da wuta, ja da wuta, kwana da kwanaki, kafin a sami wayar da za a murɗa warwaro da ita.

Sai da na shiga sakandare na ji sunan abin da ke faruwa a cikinta. Malamin kimiyya ya zana mana a allo, ya ce ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna, kamar yadda shinkafa take a cikin malmalar tuwonta. In aka ja waya ta rami, ƙwayoyin sukan miƙe su yi tsawo, su cushe da juna har babu mai iya motsi, shi ne taurin. In aka ba ta wuta daidai, sai sababbin ƙwayoyi ƙanana su tsiro a cikin waɗancan miƙaƙƙun, kowacce ta sami wurin juyawa, shi ne laushin. In kuwa wutar ta yi yawa ko ta daɗe, manyan ƙwayoyi su haɗiye ƙanana, su rage 'yan kaɗan manya-manya, hayaƙi ya shiga tsakaninsu, wayar ta lalace daga ciki. Na dawo gida da gudu na faɗa wa Baba Tsoho. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malamin naku ya taɓa jan waya?" Na ce a'a. Ya ce, "To wa ya gaya masa?" Na ce a littafi yake. Ya juya gawayi, ya ce, "Ki gaishe shi. Ki ce masa in ya sami sarari ya zo ya ja rami ɗaya, ya ji abin da ya sani a kafaɗarsa."

Yanzu damina biyu ke nan da rasuwarsa. Kawunnaina babu wanda ya karɓi awartakin. Ɗaya yana tuƙa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ɗaya yana sayar da waya ta magana, suna cewa wa zai sayi warwaron hannu ga na kanti nan mai ƙyalli a banza. Ni na karɓa, kuma ban roƙi izinin kowa ba. Amma garin da na karɓi sana'ar a cikinsa ba shi ne garin Baba Tsoho ba. Yanzu in an ce tagulla, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne 'yan kondem masu sayen tsofaffin ƙarafa da kurarsu, da baƙin hayaƙin roba da ke tashi daga bayan bola inda ake ƙone rigar waya a kwashe cikinta a kai ma'auni. Yaran yanzu ba su taɓa ganin ƙarfe mai ramuka ba. Iyayensu mata da aka yi wa warwaron aure a rumfarmu ma sun manta. Ba su san bambancin hayaƙin gawayi da na roba ba, ko sun sani ƙishirwa ta mantar da su. Ba na cewa ba su da dalilin fushi. Ni ma ran nan da jarka biyu na dawo daga dam, wuyana kamar zai karye.

Aikin da ke hannuna na wata tsohuwa ce daga Gbalahi. Ta kawo mundayen mahaifiyarta guda biyu, masu nauyi irin na da, ta ce in mayar da su murɗaɗɗen warwaro guda biyar, kowace jika ta sami ɗaya. Na yi kusan mako uku ina ja. Murɗaɗɗen warwaro kuwa da siraran wayoyi ake yin sa, shi ya sa na haɗa su da yawa na naɗe wuri ɗaya na sa a wuta. Sa'ad da aka banko ƙofarmu, na riga na tsoma naɗin a ruwa.

Wanda ya fara shigowa shi ne shugaban kwamitin famfo, wanda kowa ke kira Ciyaman, babban mutum mai 'ya'ya sa'o'ina. Bayansa mutane sun cika tsakar gida har ƙofa. Bai yi sallama ba. Ya tura hannu cikin kaskon ruwa ya ɗago naɗin wayar sama, baƙa, tana ɗiga.

"Kun gani? Sirara da yawa, kamar cikin wayar famfo. Baƙa. Ku taɓa ku ji laushi." Ya lanƙwasa ta da yatsu biyu. "Waya ba ya laushi haka sai an ƙona shi. Yarinya, ina sauran?"

Ni da nake da baki a gida har Mma tana cewa da shi aka fara halittata, ran nan ba ni ce na amsa ba. Mma, mahaifiyata, ita ce ta fito daga madafi da muciya a hannu ta tsaya tsakanina da su.

"Ciyaman, matarka da warwaron gidan nan aka kai ta ɗakinka. Ka je ka duba hannunta."

"Mma, ba da ke nake ba. Zamanin tsoho daban, na yanzu daban. Yaran yanzu ido ya buɗe."

Wani daga baya ya ce a fito da ita waje. Dutse ya faɗo a kan kwanon rumfa, ƙararsa ta shige ni har haƙora. Wani ya kama gefen mayafina. Na tuna ina kallon ƙafafun mutane kawai, silifas da yawa, ina ƙirga su ba tare da na san dalili ba.

Magajiya ce ta cece ni a wannan lokacin, shugabar matan unguwa, tsohuwa ƙarama mai sandar ƙarfe. Ta ratso mutane tana bugun ƙafafunsu da sandar. Ta ce, "Wanda ya taɓa 'yar mutane a gaban uwarta, shi da ruwan famfon nan har abada. Akwai Sarki a unguwar nan ko babu? A tafi zaure." Ta kama hannuna da kanta. Ta ce a kwaso duk abin da ke rumfar, har ƙarfe mai ramuka da gungumensa.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Mutanen da na sani tun ina rarrafe suna tsaye a ƙofofinsu. Wata da muka zauna benci ɗaya a makaranta ta ɗaga wayarta tana ɗaukata.

A zauren Sarkin Zango aka zaunar da ni a ƙasa kusa da bango, Mma a gefena. Aka zube kayana a tsakiya. Aka kawo wani abu kuma: guntayen waya da aka tsinto a bayan bola, inda ɓarayin suka ƙone wayar famfon suka bar ragowa cikin toka. Ciyaman ya ajiye su gefen tawa, ya ce kowa ya duba, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga inda nake zaune ni ma na ga sun yi kama. Sarki, dattijo mai magana a hankali, ya tambaye ni ina na samo tagulla. Na faɗa masa labarin tsohuwar Gbalahi. Ya ce a kira ta. Na ce ba ta da waya, kuma tana gona. Aka yi dariya a bakin ƙofa. Sarki ya ce to a je Kaladan a ɗauko Masta, tsohon mai gyaran wuta da ya haɗa injin bohol ɗin tun farko, shi ya san wayarsa. Ya ce in Masta ya ce ita ce, za a miƙa ni ga hukuma, kuma shi da kansa zai raka ni don kada a taɓa ni a hanya. Ya faɗi haka ne don ya kwantar min da hankali.

Masta yana wani aiki, aka yi ta jira. Rana ta take, aka kira azahar, maza suka fita suka dawo, waɗanda ke waje ba su ragu ba. A cikin wannan jiran ne, ina kallon guntayen nan na bola, wata rana ta dawo min. Ina da kamar shekara goma. Baba Tsoho ya bar ni da naɗin waya a wuta ya shiga gida yin alwala, ya ce in ta yi jan zoɓo in cire. Ni kuwa na ga in ja kaɗan yana kawo laushi, ja da yawa zai fi. Na dage da zuga har ta yi launin gwanda nunanniya, na bar ta tana ta sha, na ma jefa ɓawon rake don wutar ta tashi. Da ya dawo bai dake ni ba, na fi son ma da dukan ya yi. Ya tsoma ta a ruwa, ya wanke, ya miƙo min ya ce in lanƙwasa. Na lanƙwasa sau ɗaya, fatarta ta yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Sau biyu, sau uku, ta ɓalle. Ya ɗora guntun a tafin hannuna, ya ba ni tabaraunsa ya ce in dubi bakin karayar. Garas-garas yake kamar garin rogo. Ya ce, "Wannan ba kwantar da ita kika yi ba, kashe ta kika yi. Aikin kwana huɗu ne. Gobe ke za ki fara ja daga babban rami." Na ja, ina kuka, kafaɗuna suka yi mako suna ciwo. Tun daga ranar ban sake wuce jan zoɓo ba.

Tsoron bai tafi ba, amma fushi ya zo ya zauna kusa da shi. Wato ni za a haɗa wayata da wadda aka ƙone da roba a bola.

Da Masta ya iso, gajere mai furfura da sukuddireba a aljihun gaba, ya gaida Sarki ya tsuguna gaban kayan. Kafin ya ce komai na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi magana." Sarki ya ɗaga hannu.

"Masta, don Allah ka ɗauki sili ɗaya daga ta bola ka lanƙwasa ta gaba da baya."

Ya dube ni ta saman ido, ya ɗauka. Bai kai ko'ina ba ta karye. Ya ɗauki wata, ita ma haka.

"Yanzu ka ɗauki tawa."

Ya zaro sili ɗaya daga naɗina. Ya lanƙwasa, ya mayar, ya lanƙwasa, ya mayar. Ana jin masu ƙirgawa a ƙasa-ƙasa. Sai da yatsunsa suka gaji kafin ta rabu. Ya kai bakin karayar biyu kusa da idonsa, ya juya su wajen hasken ƙofa. Ya ce, "Hmm."

Ciyaman ya ce, "Wuta wuta ne. Wani ya ƙonu da yawa, wani kaɗan."

Na ce, "Baba Ciyaman, ka ce waya ba ta laushi sai an ƙone ta. A kafa min gungumen nan."

Mutum biyu suka danne gungumen. Na fiƙe bakin sili ɗaya, na shafa man kaɗe, na zura a rami. Sai da na yi sau uku kafin ta shiga. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na taka, na ja. Jikina ya san aikin ko da kaina ya rikice. Na wuce rami na biyu, na uku. Na miƙa wa Ciyaman. Ya lanƙwasa ta da yatsu biyu kamar yadda ya yi a gidanmu, ta ƙwace ta miƙe ta tsikare shi a hannu. Wata mata a bakin ƙofa ta ce, "Ta rama," aka yi dariya, Sarki ya yi gyaran murya.

Na ce, "Ita ce dai wadda ka ce an ƙone. Wadda aka ƙone ba ta shiga rami, tsinkewa take. A ba ni garwashi in mayar maka da ita yadda take."

Aka kawo kurfoti, murhun gawayi, daga cikin gidan Sarki. Na ce kada a matsa daga ƙofa don haske, a ƙara matsowa ma a tare shi, duhu nake so. Mutanen da suka zo dukana suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna yi min inuwa. Na naɗe wayar na sa a garwashi, ina fifita da murfin kwano. Ba baƙin hayaƙi, ba wari, sai ɗan koren harshen wuta da ke lasar gefenta. Ta fara duhu, ta fara ja. Na ce wa Masta, "Nan ne. In na ƙara, ta zama irin waccan." Na cire na tsoma a ruwan butar alwala da aka tsiyaye min a kwano. Ta yi cuu. Na sake miƙa wa Ciyaman, baƙa, mai laushi. Ya riƙe ta kamar an ba shi abin da ba nasa ba.

Bai sallama ba. Ya ce, "To ta narkar da namu, ta yi sabo."

Masta ne ya amsa masa. Ya baje sauran naɗe-naɗena a kan tabarma, daga mai kaurin fensir har zuwa sirarar, ya jera su. Ya ce, "Ciyaman, shekaranjiya aka yanke wayarka. Daga wannan mai kaurin zuwa wannan, rami nawa ne, wuta nawa ce? Ka ga yadda ta yi gumi a kan uku. Ko aljani ne ba zai gama a kwana biyu ba." Ya ciro wuƙa ya kankare tawa ya kankare ta bola, ya nuna wa Sarki. Ta famfo ja ce sosai, tawa tana da ɗan hasken rawaya, domin mundaye irin na da ba tagulla zalla ba ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba wayata ba ce. Tawa ga gawarta nan. Wannan kuwa aikin hannu ne, kuma rabona da ganin irinsa tun tsohon yana da rai."

Daidai nan aka kira la'asar. Sarki bai tashi ba sai da ladan ya gama. Sannan ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce, "'Yata, ba ki da laifi. Babu mai taɓa ki, babu mai taka gidanku. Wanda ya yi, da ni ya yi. Wadda ta ɗauki hoto ta goge shi a gaban Magajiya."

Ina tsaye sa'ad da ya fara, ban san lokacin da na sami kaina a ƙasa ba. Duk ƙarfin da na ja waya da shi ya zube. Mma ta riƙe kaina tana karanta abin da ban ji ba. Ciyaman yana cewa shi ai bai ce ni ce ba, cewa ya yi a bincika. Mma ta ce, "Allah ya ba ka mai bincikenka irin yadda ka bincike mu."

Magajiya ta sunkuyo kusa da kunnena, da kyakkyawar niyya, ta ce, "Jikata, ki huta da wutar nan wata guda, har a gyara famfo zukata su sauka. Ku bi ta ƙofar baya, ta cikin gida, babu mai ganinku."

Na share fuskata da bakin mayafi. Na ce, "Magajiya, na gode. Saura warwaro biyu, kuma na yi wa tsohuwa alkawarin Juma'a. Gobe da hantsi zan hura wuta. Wanda ya ga hayaƙi ya shigo da sallama, akwai benci."

Ta dube ni, ta dubi Sarki. Sarki yana neman takalminsa, amma na ga gemunsa yana motsi da murmushi.

Mma ta tattara kayan, ta ce in rufe wayar a cikin mayafi. Na zura naɗe-naɗen a hannuna tun daga wuyan hannu har gwiwa, na ɗora ƙarfe mai ramuka a ka. Ta ƙofar gaba muka fita, ta tsakiyarsu, kuma su ne suka matsa.